Aikin Masu Ƙirga Tsuntsaye

A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, akan ga wasu mutane cikin kwale-kwale a dausayin Hadejia-Nguru, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya da littafi a hannu, suna ƙirga tsuntsayen ruwa. Da yawa daga cikin tsuntsayen nan baƙi ne, sun guje wa sanyin Turai, sun ƙetaro Sahara. Irin wannan ƙirga tana cikin ayyukan sana'ar binciken halittu da muhallinsu.

Ƙirgar shekara ɗaya ba ta faɗin komai. Sai an maimaita ta a wuri guda, a wata guda, da salo guda, shekara da shekaru, sannan a iya cewa wani jinsi yana raguwa, a kuma nemi dalili. A dausayin nan, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa ya sauya, ciyawar kachala ta toshe magudanai, tsuntsun jan-baki ya sami mafaka a cikinta yana cinye wa manoma hatsi. Aikin mai bincike ne ya nuna da hujja yadda wannan ya haifi wancan.

Ƙofar shiga wannan sana'a ita ce digirin farko a fannin dabbobi, tsirrai ko gandun daji. Daga nan wasu kan nufi cibiyar APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, inda ake yin digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. Can ake koyon kafa raga mai laushi tun da asuba, a ciro tsuntsu a hankali, a auna fiffikensa da nauyinsa, a maƙala masa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake shi. In aka sake kama shi a wata ƙasa, lambar za ta faɗi inda ya fito. Sai kuma lissafin ƙididdiga, wanda ɗalibai da yawa ke gudu, alhali in babu shi littafin daji bai wuce labari ba.

Albashin ba mai tsoka ba ne, galibin bincike ma da kuɗin tallafi ake yin sa. Amma ɗan masunci ko makiyayi da ya tashi ya san tsuntsu da kukansa ya riga ya yi gaba. In kana cikinsu, sayi littafi, ka fara rubuta abin da kake gani a fadamar garinku, da kwanan wata.