Tasirin Matsanancin Bala'i a Kan Tunani da Harshen Mai Ba da Labari

1.0 Gabatarwa

Manazarta da ke tattara labaran baka, musamman daga bakin waɗanda suka ga yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970), sukan ci karo da wata matsala: mai ba da labari ya tuna ƙarar bindiga ko warin hayaƙi dalla-dalla, amma ya kasa jera abin da ya faru bi da bi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin hakan.

2.0 Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Adana Bala'i

Tun a 1889 masanin nan na Faransa, Pierre Janet, ya lura cewa abin da ya firgita mutum matuƙa yakan ware daga sauran abubuwan da yake tunawa. A 1980 kuma Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya ɗimuwar bayan bala'i cikin kundin cututtukanta.

A lokacin firgita, sashen ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, mai lura da haɗari, yakan tsananta aiki. Shi kuwa hifokamfus, wanda ke ɗaure abu da wurinsa da lokacinsa, yawan sinadarin kotizol yakan raunana shi. Saboda haka tsakiyar lamarin takan zauna daram, gefensa kuwa ya dusashe. Abin yakan dawo a mafarki, ko ya faɗo wa mutum a farke tamkar yanzu yake faruwa.

3.0 Dangantakarsa da Harshe

A 1996 Rauch da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyata 8 yayin da ake tuna musu da abin da ya same su. Sun ga aiki ya ragu a yankin Broca, wato sashen da ke da hannu wajen tsara magana. Wannan ya yi daidai da abin da Hausawa ke nufi idan suka ce abu ya fi ƙarfin baki. Haka kuma, binciken Herlihy da abokan aikinta (2002) a kan 'yan gudun hijirar Kosobo da Bosniya ya nuna saɓani ya fi yawa a ƙananan bayanai idan aka sake yi musu tambaya.

4.0 Kammalawa

Tsinkewar zance da shiru da saɓani ba su isa hujjar ƙarya ba. Wajibi ne manazarci ya rubuta su yadda suka zo, kada ya gyara su, kuma kada ya matsa wa mai magana, domin tilasta masa tunawa na iya fama masa ciwo.