Yadda Sabon Ɗan Kasuwa Ke Gane Dama: Darasi Daga Cinikin Gyaɗa a Kano

Sau da yawa wanda ke niyyar shiga kasuwanci yakan ɗauka cewa jari ne kaɗai ya rage masa. Amma tarihin ciniki a ƙasar Hausa ya nuna cewa akwai abin da ya riga jari, wato idon da ke hango buƙata tun kafin jama'a su farga da ita. Irin wannan dama kuwa takan ɓullo ne a lokacin da wani abu ya sauya, ko hanya, ko farashi, ko buƙatar mutane.

Kyakkyawan misali shi ne abin da ya faru bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka sun sa ran auduga ce za ta cika jiragen zuwa masaƙun Ingila. Sai dai masaƙan Kano suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Turawa, don haka manomi bai ga dalilin kai musu tasa ba. A daidai lokacin nan kuma masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ruwa a jallo. Gyaɗa ta dace da ƙasar Kano, tana kawo kuɗin biyan haraji, in kuma kasuwa ta faɗi, iyali su ci abinsu.

Fataken goro ne suka fara gane wannan lissafi. Cikinsu akwai Alhaji Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya daɗe yana fatauci zuwa Gwanja. Ya riga ya mallaki abin da kamfanonin Turawa ba su da shi: yaran gida masu shiga ƙauyuka, da sanin manoma, da amana. Sai ya juya waɗannan ga sayen gyaɗa, har ya zama attajirin da babu kamarsa a Kano kafin rasuwarsa a 1955.

Daga nan ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati mai shirin buɗe sana'a zai iya tsamo tambayoyi uku. Me ya sauya a garin nan kwanan nan? Wa ke da buƙatar da ba a biya masa ba, kuma nawa zai iya bayarwa? Wane sani ko wace hulɗa ce ke hannunsa wadda abokan hamayya ba su da ita? Duk wanda ya zuba ɗan abin da ya tara bai amsa waɗannan ba, ya yi shuka a kan dutse.

Akwai kuma gargaɗi. Dalar gyaɗar Kano ta ɓace bayan farin shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin hukuma ga man fetur. Sauyin da ya buɗe ƙofa yana iya rufe ta, saboda haka wajibi ne ɗan kasuwa ya ci gaba da lura ko bayan ya sami riba.