Daɗin Rashin Sani: Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

Bara ƙanwata ta dawo daga asibiti da takardar gwaji tana hawaye: ita AS, saurayinta AS. Aka fasa auren bayan an kawo lefe. Gwaggonmu ta ce, "Mu da ba mu san wannan ba, ai lafiya muka zauna." Na yi shiru, domin na tuna 'ya'yanta biyu da ciwon ƙashi ya ɗauke suna ƙanana, aka ce iska ce.

A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, Umar yana can ƙasar Larabawa yana karatu hankali kwance, bai san mahaifiyarsa ta faɗa bauta garin nemansa ba. Daɗin rashin sani gaskiya ne, sai dai wani ke biyan kuɗinsa.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin sikila kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa na goyi bayan dokar gwaji kafin aure da Kano ta kafa a 2024. Ƙanwata ba ta daina baƙin ciki ba har yau. Amma gara ita ta ɗauke shi, da a ɗora wa jaririn da ba a yi shawara da shi ba.