Waƙoƙin Kirsimeti a Bakin Waɗanda Suka Baro Gida

Tun Nuwamba ba ta ƙare ba manyan kantunan Landan da Manchester da Houston suke sakin waƙoƙin Kirsimeti. Masu sayayya na tura kekensu tsakanin kaya, yawancinsu ba sa ma kula da abin da ake rerawa. Amma Kirista ɗan Arewa da ke aikin jinya ko karatu a can, da ya ji muryar sai ya gane ta, domin da irinta aka goye shi a majami'a a Wusasa ko Kagoro ko Biliri. 'Yan mishan sun juya da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi zuwa Hausa, suka shiga Littafin Waƙoƙi, kuma tun da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen ya ƙara zama na sujada ga Hausawa Kirista da kuma al'ummomi masu yawa na Filato, kudancin Kaduna, Bauci, Gombe, Adamawa da kudancin Borno.

Shi ya sa a ƙasashen waje ba sa gamsuwa da na kanti. Sukan kama hayar ɗakin taro, ko wata coci ta ba su aron majami'arta da yamma bayan masu ita sun tashi. Mata zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su ɗaura zanensu na anko a kan rigar sanyi, wata ta rungume tulu tana dukan bakinsa, wata ta riƙe kacau-kacau, dattijuwa ta ba da waƙa sauran su amsa. A bayan ɗaki kuwa kuloli ne na shinkafa da miya da bokitin cincin, yara na ta leƙawa. Wanda ya fito daga ECWA da na COCIN da na EYN da ɗan Katolika, waɗanda a gida kowa da cocinsa, a nan benci ɗaya suke zama.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suke jin kalmomin. Tsofaffin waƙoƙin nan ba su ɓoye komai ba: Allah ya zama mutum, an haife shi a Baitalami, an kwantar da shi a komin dabbobi don ba masauki, makiyaya ne suka fara samun labari. A cikin labarin akwai Hirudus da ya sa aka kashe jarirai, akwai Yusufu da ya tashi da dare ya ɗauki Maryamu da yaron suka gudu Masar. Ga mai sauraron da bai taɓa gudu ba, wannan tarihi ne. Ga matar da ta goya ɗanta ta hau dutsen Gwoza a 2014, ta gangara Kamaru, ta sami kanta a sansanin Minawao kusa da Mokolo, labarin gidansu ake bayarwa. A wannan sansani ma ana yin Kirsimeti, ana rerawa da Hausa, kuma su ma 'yan ƙasar waje ne, ko da yake ba kasafai ake tuna su ba idan ana lissafin mazauna ƙetare.

Idan lokacin addu'ar godiya ya zo a irin wannan taro, za ka ji ana gode wa Allah don an taru lafiya, kuma ba maganar baka ba ce. Waɗannan mutane sun san jajiberin Kirsimeti na 2010 da bama-bamai suka tashi a Jos. Sun san safiyar Kirsimeti ta 2011 a cocin St. Theresa da ke Madalla, inda fiye da mutum 30 suka mutu. Na Nijar sun san Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. A jajiberin Kirsimeti na 2023 an kashe fiye da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Mutumin da ya saba sai an caje shi da na'ura a ƙofar coci, ga buhunan yashi ga soja, shi ya san daɗin shiga sujada da jaka a hannu ba wanda ya tare shi.

Wannan 'yanci na sujada ma su kansu mutanen Ingila da Amurka da wahala suka same shi. Majalisar Ingila ta soke bikin Kirsimeti a 1647, a Massachusetts ta Amurka kuma an sa tara kan mai yin bikin daga 1659 zuwa 1681, kuma Kiristoci ne suka hana 'yan'uwansu Kiristoci. Sai a 1791 aka rubuta 'yancin addini cikin tsarin mulkin Amurka. Mu ma a Nijeriya muna da shi a rubuce, a sashe na 38 na tsarin mulkin 1999. Kare shi ne ya gagara. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: dokar da ta bar mata zumunta su buga tulu a Birmingham ita ce ta bar maƙwabcinsu Bahaushe Musulmi ya yi sallar Idi tare da dubban mutane a filin Small Heath. Shi ma yana da nasa makokin, domin a Nuwamban 2014 an kashe fiye da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano. Ba na ganin wanda ya ɗanɗana wannan zaman zai dawo gida ya yarda a hana wani nasa.

Damuwar iyaye yanzu ita ce yaran da aka haifa a can. Sun iya muryar, amma Hausar na kufce musu. Wasu iyaye kan rubuta baitocin a takarda su raba tun makonni kafin biki, kaka ta kira ta bidiyo daga Jos ko Mubi tana gyara musu lafazi. A ƙarshen sujada kuma sau da yawa akan zagaya da kwanon baiko na musamman, a aika wa gwauraye da marayu a gida kuɗin shinkafa da na makaranta kafin zangon Janairu.