Bel, ƙwaya da buhun siminti: wanne zance ne gaskiya?

Duk wanda ya zauna da 'yan dako a kasuwar Dawanau ko leburori a wajen gini ya ji dabarun kare baya iri-iri. Wasu na da tushe, wasu kuma su ne ke kai mutum gadon asibiti.

Wadda ta fi samun karɓuwa ita ce ta bel. Wai in ka ɗaure ƙugu tamau da bel mai faɗi ko rawani, bayanka ya tsira. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta duba batun a 1994 ta ce babu hujjar cewa bel na hana rauni. A 2000 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani bincike kan dubban ma'aikatan shagunan Walmart, aka tarar masu ɗaura bel kullum da waɗanda ba sa ɗaurawa duk ɗaya suke wajen ciwon baya. Abin da ke damuna da bel ma shi ne ƙarfin halin da yake sa wa mutum: ya ji ƙugu a ɗaure, sai ya tunkari buhun da jiya ya nemi a kama masa.

Dabarar shan tramadol ta fi muni. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, ciwo take dannewa, alhali ciwon ne ke gaya wa mutum ya ajiye kayan. Ga ta da kama jiki, kuma in aka sha da yawa tana jawo farfaɗiya.

Sai masu cewa namiji ba ya jin nauyin buhu ɗaya. A lissafin NIOSH, kilo 23 ne ma'aunin da yawancin ma'aikata za su ɗaga lafiya, shi ma sai in kayan na kusa da jiki, da wurin riƙo mai kyau, ba murɗa ƙugu, ba kuma a kai a kai ba. Da ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya ɓaci, ma'aunin sai ya sauka. Ko Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a shawararta ta 1967, a kilo 55 ta ja layi ga baligin namiji. Buhun simintinmu kilo 50 ne, a Ingila kuwa na kilo 25 ake sayarwa. Buhun masarar da ake saukewa daga tirela yakan kai kilo 100. Wanda ya ce "Malam, kama mini" ba rago ba ne, haka ma wanda ya tsaya neman baro ko kura.

Zancen "durƙusa ka ɗauka, kada ka sunkuya" rabinsa gaskiya ne. Lanƙwasa gwiwa na taimakawa in kayan za su shiga tsakanin ƙafafu su manne da jiki. Amma in kwali ne babba wanda dole sai ka miƙa hannu ta gaban gwiwa, durƙuson bai amfana maka komai ba. Tazarar kaya da jiki ita ce babbar magana. Riƙe bokitin ruwa a ƙirji, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji bambancin a ƙugunka nan take. Sai kuma murɗawa. Dubi mai sauke bulo daga mota: ƙafafu a kafe wuri ɗaya, ya karɓa ta dama, ya murɗa ya dire ta hagu, tun safe har azahar. Da zai riƙa juya ƙafafunsa tare da kayan, da ya rage wa kansa wahala mai yawa.

Ɗaukar kaya a ka fa? Nan akwai gaskiya. Wani bincike da aka buga a 1986 kan matan Luo da Kikuyu na Kenya ya nuna suna ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin kashe kuzari ba. Sai dai kuzari aka auna, ba lafiyar wuya ba. Gammo na sauƙaƙa wa fatar kai, amma nauyin yana nan kan ƙashin wuya, kuma hatsarin ya fi yawa lokacin ɗorawa da saukewa ko in an yi tuntuɓe.

In baya ya riƙe, ba a so a kwanta kwana da kwanaki. Likitoci sun bar shawarar doguwar kwanciya tuni. Tafiya da aiki mara nauyi sun fi saurin warkarwa, kuma yawancin irin wannan ciwo yakan lafa cikin 'yan makonni. Amma in ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ranar za a tafi asibiti. Haka kumburin da ke fitowa a matsematsi in an yi nishi: ɗauri da jiƙo ba sa rufe ƙofar da hanji ke leƙowa, sai tiyata. In kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, ba a jiran gari ya waye.