Yadda Bature Ke Cewa "Na Fi So" Da "Gara"

Yau za mu ɗan leƙa Turanci, saboda akwai wani kuskure da saiwarsa ke cikin Hausarmu, kuma yana cinye wa ɗalibai maki a jarrabawar WAEC da NECO.

Bahaushe in zai nuna zaɓinsa, "fi" ce ke masa aiki: na fi son shayi fiye da koko. Ko kuma ya ɗauko "gara" ko "gwamma": da zaman banza gara aikin kishiya. To, ɗalibi ya riga ya haddace cewa "fiye da" ita ce "than", sai ya rubuta "I prefer tea than coffee". Mai duba takarda kuwa jan biro zai sa masa. Daidai shi ne "I prefer tea to coffee".

Me ya sa? "Prefer" daga Latin ta samo asali, ma'anarta ta farko ita ce ɗauko abu ka sa shi a gaba. Kun ga ke nan fifikon yana cikin cikinta, ba ta neman "than". Haka "senior", "junior" da "superior" suke, duk 'yan gida ɗaya ne daga Latin, duk "to" suke bi: "He is senior to me". In aiki ne ba abu ba, a ce "I prefer walking to driving".

Wadda ke tafiya da "than" ita ce "would rather", kuma ita ce ta yi daidai da "gara" ɗinmu. A tsohon Turanci "rather" na nufin "da wuri fiye da", shi ya sa har gobe za ka ji mutumin Ingila ya ce "I'd sooner" a madadinta. Amma fa ku lura da jerin. Mu abin da ba ma so muke fara kawowa: da in roƙa gara in haƙura. Su kuwa abin da suke so ke gaba: "I'd rather go without than beg". Wanda ya bi jerin Hausa kalma bayan kalma zai faɗi kishiyar abin da ke ransa. Sannan ba a sa "to" bayan "rather". "I'd rather to stay" kuskure ne.

A hirar yau da kullum ma abin ya fi daɗin nazari, don Bature, musamman na Ingila, ba kasafai yake fito da "a'a" tsirararta ba. Ka gayyace shi wani wuri ya ce "I'd rather not", kada ka ɗauka yana shawara ne. Ya ƙi ke nan, cikin ladabi, kamar dai yadda namu zai ce "sai dai wani jiƙon". Ka tambaye shi ko za ka buɗe taga ya ce "I'd rather you didn't", wannan hani ne. Kuma duba "didn't" ɗin nan: siffar shuɗaɗɗen lokaci ce, alhali maganar yanzu ake yi.

In kuma aka ba ka zaɓi, shayi ko kofi, kai kuma duk ɗaya ne a wurinka, ka ce "I don't mind" ko "either is fine". Kada ka ce "I don't care". A kunnen mutumin Landan wannan ya fi kusa da "ina ruwana", kuma ba abin da za ka faɗa wa wanda ya karɓi baƙuncinka ba ne. Sai dai a kula, "I wouldn't mind a cup of tea" ba halin ko-in-kula ba ne. Mai faɗar haka shayin yake so, a tashi a dafa masa.