Finafinan Da Ba Su Magana, Da Hukuncin Da Ake Yanke Musu A Waya

Guntayen tsofaffin finafinai sun cika wayoyi a 'yan kwanakin nan: wani mai ɗan gashin baki da sanda yana sheƙa gudu, 'yan sanda na bin sa suna faɗuwa kan juna, masu sharhi kuma suna ta cewa ai fim ɗin mutanen da ke nan, shirme ne da tuntsure, ba labari ba ma'ana. A kan daƙiƙa talatin aka yanke wannan hukunci, su ma kuma a gurɓace suke. Kafin zuwan sauti da hannu ake murza na'urar ɗaukar fim, galibi hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa. Sai a ƙarshen shekarun 1920, da sauti ya shigo, aka tsayar da 24. Idan aka haska abin da aka ɗauka a kan 16 da gudun 24, kowane taku zai ƙara rabin saurinsa, har masu rakiyar gawa su zama abin dariya. Kuma ba a shiru ake kallon su ba. Ƙananan gidajen silima na da mai kaɗa fiyano, manya na da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, a Japan kuwa akwai benshi, mai tsayawa gefen allo yana ba da labari yana kwaikwayon muryoyi, aikin da ba zai zama baƙo ga dattawan da suka ga majigi a ƙofar fada ba.

Mai suka zai ce to, ko an gyara gudun, labaran dai duk ɗaya ne. Yana da rabin gaskiya. A Way Down East na 1920, ɗan masu kuɗi ya yaudari yarinyar ƙauye da auren bogi, jaririnta ya mutu, aka kore ta cikin dusar ƙanƙara, sai saurayi ya cece ta daf da kogi zai tafi da ita. A The Kid na 1921, Charlie Chaplin talaka ne da ya tsinci jariri ya rena, hukuma ta zo ƙwacewa. A Sunrise na 1927, matar birni ta hure wa manomi kunne ya nutsar da matarsa, ya kasa, ya koma neman yafiya. Talaka da mai kuɗi, ƙauye da birni, mace mai rauni da ceto a ƙurarren lokaci: a wannan rijiya akasarinsu suka sha.

Sai dai akwai dalili. Duk maganar da ɗan wasa zai yi dole a rubuta ta a allo, kuma duk lokacin da rubutu ya fito, hoto ya tsaya. Ga shi masu kallo a biranen Amurka da yawa baƙi ne da Turanci bai zauna musu ba, ga kuma kasuwar ƙetare. Don haka darakta yakan ɗauki labarin da kowa zai gane tun daga farko, ya zuba gwanintarsa wajen nuna shi. Wanda ya zauna sauraron tatsuniya ya san Gizo zai yi ha'inci. Bakin mai bayarwa ya zo ji. A fim ɗin Jamus Der letzte Mann na 1924, labarin bai wuce layi biyu ba: mai tsaron ƙofar otal ya tsufa, aka karɓe masa kayan sarki aka mai da shi mai kula da banɗaki, shi kuma ya sace rigar don kada maƙwabta su sani. Darakta F. W. Murnau bai bari an rubuta hirar kowa ba. Kafaɗun ɗan wasa Emil Jannings ne ke magana, yadda suke miƙe cikin rigar da yadda suka rusuna da aka cire ta, kyamara kuma tana layi in ya bugu. Masu shirya fim da ke zaunar da mutum biyu a falo su yi ta bayanin abin da ke ransu na minti goma suna da abin dubawa a nan.

Aibin gaskiya yana wani wuri, kuma masu dariya ba su cika taɓo shi ba. Hoton da ke raba nagari da mugu ta fuska da sutura, ba tare da barin mutum ya kare kansa da baki ba, makami ne a hannun mai son zuciya. The Birth of a Nation na D. W. Griffith, a 1915, ya nuna baƙar fata a matsayin barazana, ya mai da 'yan Ku Klux Klan jarumai masu zuwa ceto, a shekarar kuwa ƙungiyar ta farfaɗo. Palaver, wanda Geoffrey Barkas ya ɗauka a yankin Filato ya fito a 1926, rikici ne tsakanin Di'o da Bature mai haƙar kuza a kan wata nas, mutanen ƙasa kuwa an jera su a matsayin waɗanda ba za su zauna lafiya ba sai da mulkin Ingila. Oscar Micheaux, baƙar fatar Amurka, ya mayar wa Griffith martani da Within Our Gates a 1920, da irin wannan salo na soyayya da zalunci, amma ya juya kyamarar kan masu rataye mutane.

Fim ɗin Micheaux ya ɓace shekara da shekaru kafin a tsinci kwafinsa a Sifaniya, kuma wannan ne ya sa kowane hukunci kan zamanin ke bukatar taka-tsantsan. Binciken da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da ƙasar ta yi, kashi 70 cikin 100 sun salwanta. Zaren fim na lokacin yana ruɓewa, yana kama wuta cikin sauƙi. Gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 ta lashe akasarin tsofaffin finafinansa. Da sauti ya yi kasuwa bayan The Jazz Singer na 1927, kamfanoni da kansu suka riƙa narkar da tsofaffin kaya don ciro azurfar ciki, saboda ba su ga ribar ajiya ba. Kaset ɗin bidiyo ma yana cin kansa cikin zafi da ƙura, kuma finafinan Hausa na farkon shekarun 1990, tun daga Turmin Danya, a kansa aka ɗauke su. An fi jin hukumomin fim a kan tacewa da dakatar da 'yan wasa fiye da batun inda waɗannan kaset-kaset suke kwana.